Allo A Ke So A Gani, Ba Fuskar Malam Ba

Jama'a, 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku kaɗan, in ba ku labarin wata kunya da na sha bara sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a nan Mubi, da kuma abin da na tsinta a cikinta. Na san waɗansu za su ce, me ya kawo zancen bidiyo da kwamfuta cikin shafin Hausa? To, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe tukuna, in ya so ku yanke mini hukunci.

Makarantar da aka kai ni ƙaramar sakandare ce, aka damƙa mini 'yan aji ɗaya. Lokacin kuwa kaka ce, ana tsakiyar cirar gyaɗa da roron wake. Duk wanda ya taɓa riƙe aji a ƙasarmu ya san yadda abin ya ke a irin wannan lokaci. Yau ka ga benci cike, gobe ka ga rabi, in ka tambaya a ce maka sun tafi gona. Akwai wata yarinya mai ƙwazo ƙwarai, ta yi mako biyu cur ba ta leƙo ba, uwarta na kwance, ita ce kuwa babba a ɗakinsu. Ran da ta komo sai ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, an yi darasin kogi ba na nan. Yaya zan yi?" Na ce ta karɓi littafin ƙawarta ta kwafa. Ta kwafa kuwa tsaf, har da taswira. Amma da na karɓa na duba, sai na ga a taswirar ƙawar kogin Yadzaram ya juya ya nufi kudu. Mu kuwa duk mun sani daga duwatsun da ke kudu da mu ya ke tasowa, ya bi ta garinmu, ya miƙa arewa ta wajen Bama, ya nufi ƙasar tafkin Chadi. Kuskuren yarinya ɗaya ya zama na yara biyu, ni kuwa na jawo.

Abin ya dame ni. Sai na ce a raina, ai ga waya a aljihuna, me zai hana in ɗauki darasin gobe a bidiyo, ko wane yaro da bai zo ba ya kalla a gida? Kashegari na tara littattafai bisa taga a bayan aji, na jingina wayar, na tsaya na zuba darasi na minti 40, ina ji da kaina kamar wani shaihin malami. Da dare na kunna in gani. Kai! Ga ni nan dai, ina kai da kawowa da farar rigata, ina ɗaga hannu, ina nuna allo ina cewa, "Ku dubi nan." Amma ina nan ɗin? Allon ya zama wani toka-toka kawai, hasken rana ya haske rabinsa, rubutuna kuwa kamar sawun kaji. Muryata na can nesa, abin da ya fi fitowa shi ne ƙarar Keke Napep daga titi, da 'yan ajin maƙwabta suna rera lissafin sau. Da na duba nauyin abin, ya kusa gigabayit 5. Wayar wan yarinyar nan, wadda ita kaɗai ce mai nuna bidiyo a gidansu, ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba ta da wurinsa. Na goge shi a daren, ban gaya wa kowa ba sai yau.

Ina kwance ina juyayi sai na tuna da kakana. Ya kan ba mu labarin majigi, yadda a zamanin Turawa mota ta kan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, jama'a su taru, a nuna hotuna a kan tsabta ko noma ko kiwon lafiya, wani mutum na tsaye a gefe da lasifika yana bayani da Hausa. Ya ce a makarantar mishan da ya yi ma akwai wata ƙarama, wadda hotunanta ba su motsi, na gilashi ne, a kan zura su ɗai-ɗai gaban fitila, malam na magana cikin duhu. Kalmar majigi kanta daga sunan da Turawa suka ba irin wannan fitila ta fito. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kakana ya iya faɗa maka hoton sauro da ya gani, babba kamar akuya, bayan shekara sittin da ɗori, amma in ka tambaye shi kamannin mai bayanin sai ya ce ai duhu ne, wa ya gan shi? Murya ya ji, hoto ya gani, su biyun kuwa suka zo masa tare.

Nan na gane inda na ɓata. Ni na ɗauki malam na bar allo. Yaron da ke gida kuwa ba kewar fuskata ya ke ba, abin da ya rasa shi ne abin da aka rubuta, da abin da aka zana, da muryar da ke bayaninsu. Saboda haka ra'ayina ke nan, a kansa na ke rubutun nan: darasin da aka ɗauka a bidiyo bai zama darasi ba sai an ɗora masa allo wanda a ke iya karantawa, watau shafukan nan na majigi da a ke kira silaid, ko wane shafi ya fito daidai lokacin da baki ya ambace shi. Wannan aiki kuwa ba na gwanayen fim ba ne. Duk wanda ya iya shirya darasi a takarda zai iya koyonsa cikin yini biyu, da kayan aiki na kyauta, kuma ya kamata kwalejinmu ta koya mana shi kamar yadda ta ke koya mana riƙon alli da zanen kwali.

Kada wani ya ce wannan son zamani ne kawai. Mu 'yan Mubi mun fi kowa sanin abin da rufe makaranta ke nufi. Ran 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo garin nan. Ina ɗan shekara 12 a lokacin. Kowa ya san yadda aka watse, waɗansu Yola, waɗansu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da dukan ƙananan makarantu suka zama kango. An ƙwato garin cikin Nuwamba, amma ni dai na yi wata da watanni ban zauna bisa benci ba, kuma har yau in aka zo lissafin ɓangare sai in ji akwai rami a kaina, gama a lokacin aka kamata a koya mini shi. Sa'an nan cikin Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasa duka. Masu jarrabawar fita suka koma cikin Agusta, sauran kuwa sai wajen Oktoba. Sau biyu ke nan cikin shekara shida. A ko wane karo aka tashi ana neman yadda za a kai wa yara karatu gida, aka tarar ba a ajiye kome ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ban da waɗannan manyan ma, ga kaka ko wace shekara, ga zazzaɓi ko wace damina.

To, bari in shiga zancen kayan aikin, gama a nan ne na ɓata mako guda a banza, ba na so ku ɓata naku. Da na fara tambaya, ko wane aboki sai ya ambaci manhajar da ya ji manyan masu haɗa fim na amfani da ita. Wani ya turo mini wata ta sata wadda aka fasa makullinta, na saka a tsohuwar kwamfutar da na aro wurin kawuna, ta kawo mini ƙwayar cuta, sai da aka wanke kwamfutar duka. Na sake gwada DaVinci Resolve, ita kyauta ce, halal, kuma gwanaye na yabonta, amma ta fi ƙarfin irin kwamfutocinmu. Na dora wa jaki kayan raƙumi. Wanda ke fara koyo ba ruwansa da waɗannan.

Wadda ta fisshe ni sunanta Shotcut. Akwai 'yar'uwarta OpenShot, aikinsu kusan ɗaya ne. Dukansu kyauta ne, ba su buga tambarinsu a bisa aikinka, kuma in ka sauko da su sau ɗaya ba su sake neman intanet, kana iya zuba su a filashi ka ba ajinmu duka. In ka buɗe za ka ga maɓallai da yawa, kada gabanka ya faɗi, abu ɗaya kaɗai za ka fahimta. A ƙasa akwai layuka a jere, wani bisa wani, kamar layukan littafin rubutu, lokaci na tafiya a kansu daga hagu zuwa dama. Abin da ka sa a layin sama shi ke rufe na ƙasa, amma ba ya rufe murya. Shi ke nan asirin. Ka shimfiɗa bidiyon laccarka a layin ƙasa, ka ɗauko shafin majigi ka ɗora a layin sama daidai inda ka ce "ku dubi nan", ka ja gefensa ya yi tsawo har inda ka gama bayaninsa. Mai kallo zai ga taswira ta cika fuskar waya, muryarka na ci gaba a ƙarƙashi, in shafin ya ƙare fuskarka ta komo. In kana so ma kana iya juya layukan, ka ƙanƙance kanka ka koma lungu, shafin ya ci sauran wurin. Ni ban cika yin haka ba, domin a ƙaramar waya ko wane lungu na da amfani.

Kafin wannan sai ka mai da shafukanka hotuna. PowerPoint na da wurin da za ka ce ya ajiye ko wane shafi a matsayin hoto, zai jera maka su da lamba. Wanda ya shirya nasa a waya, ya buɗe ko wane shafi ya cika fuska, ya ɗauki hoton fuskar wayar. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya zana a farin kwali da baƙar maka mai kauri, ya fita inuwa ya ɗauka da waya. Ni taswirar kogina da hannu na zana, ta kuwa fi duk wadda na samu a intanet, gama na sa mata gada da kasuwar shanu, yara suka gane inda su ke tsaye. Wani amfanin mai da shafi hoto kuma, baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗansu na'urori su kan mai da su akwatuna, amma in sun zama hoto ba mai taɓa su.

Ga wata dabara da wahala ta koya mini. Kada ka fara ɗora shafuka sai ka zauna da takarda da biro ka saurari laccar daga farko har ƙarshe, kana rubutawa: minti 2 da daƙiƙa 10, taswira, minti 3 da rabi, hoton gada. In ka yi haka aikin na'ura ba zai wuce rabin sa'a ba. In ba ka yi ba, za ka kwana kana gaba kana baya, a ɗauke wuta a tsakiya, batir ya mutu. Af, na manta. Ka riƙa ajiye aikinka ko wane minti biyar. Wanda ya taɓa asarar aikin sa'a uku saboda ɗauke wuta ba ya bukatar a maimaita masa wannan.

Duk abin da na faɗa na wanda ya riga ya ɗauki lacca ne. Amma in ba ka ɗauka ba tukuna, akwai hanyar da ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ita na ke bi yanzu. PowerPoint da kansa yana ɗaukar murya bisa ko wane shafi, sa'an nan ya fitar maka da duka a bidiyo. Daɗinta shi ne ko wane shafi na riƙe da muryarsa dabam, in ka yi tuntuɓen harshe a shafi na 5, shi kaɗai za ka sake. Sai dai ka yi shiru sa'ad da ka ke juya shafi, gama abin da ka faɗa a tsakani ba ya kamawa. Akwai kuma OBS Studio, ita ma kyauta, mai ɗaukar fuskar kwamfuta da fuskar malam a lokaci guda, ta dace da malamanmu masu yin lacca da majigi a babban ɗaki, amma tana son a zauna a saita ta, ban ba mai fara koyo shawarar ya soma da ita ba.

Masu waya kaɗai fa? Su ne mafi yawanmu. CapCut da KineMaster da InShot duk suna da wannan tsari na ɗora hoto bisa bidiyo, da yatsa a ke ja, kuma na ga abokina ya haɗa darasi mai kyau da su yana zaune a gindin dalbejiya. Amma a yi hattara da abu biyu. Waɗansunsu na buga tambarinsu a kusurwa in ba ka biya ba, waɗansu kayan kuma sai da kuɗi. Na biyu ya fi muni. An yi su ne domin masu raye-raye da barkwanci, saboda haka cike su ke da kayan ƙyale-ƙyale, rubutu mai tsalle, shafi mai juyawa kamar fanka, taurari na zuba. Wani ɗan ajinmu ya nuna mana darasinsa a kan sassan fure, ko wane shafi sai ya shigo da ƙarar tsawa, ga kiɗa a ƙarƙashi. Muka yi ta dariya muna tafi. Da aka gama na tambayi na kusa da ni sassa nawa aka ce fure ke da su, ya ce shi dai ya ji tsawa.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Richard Mayer, wanda ya fitar da littafi a kan koyo da hoto da murya cikin 2001, ya yi gwaje-gwaje da yawa, ya tarar mutum ya fi koyo in aka haɗa masa magana da hoto bisa ga magana kaɗai, ya fi koyo in suka zo masa lokaci guda, kuma ya fi koyo in aka cire duk wani ado da ba na darasin ba. Har ya tarar in ga hoto ga murya, sa'an nan aka cika shafi da rubutun abin da muryar ke faɗi kalma da kalma, sai abin ya rage amfani, domin ido ya rasa wanda zai bi. Ashe dai gani ya kori ji, amma ba ko wane gani ba. Ni yanzu ba na wuce layi huɗu a shafi, da manyan baƙaƙe, baƙi bisa fari. Kalmar Turanci da za ta fito a jarrabawa ita na ke rubutawa, bayani kuwa baki ya yi, in ta kama in sa Hausa in sa. In na gama sai in tura wa wayar da ta fi kowace ƙanƙanta da tsagewar gilashi a ɗakin kwananmu. In ba ta karantu a nan ba, ban gama ba.

Sai zancen tsawo. Cikin 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokansa biyu suka duba yadda ɗalibai suka kalli darussan edX har sau miliyan 6.9, suka ga yawanci hankali ya kan fara janyewa in bidiyo ya wuce kamar minti 6. Waɗannan fa manya ne da suka kai kansu. Ina ga ɗan aji ɗaya da ya aro wayar wansa, wan na tsaye a kansa yana jira? Saboda haka minti 40 ɗin nan nawa, ko da allon ya fito, da ba mai kai ƙarshensa. Da na zauna na cire kiran suna, da "ku yi shiru", da goge allo, da jiran mai neman biro, sai na ga ainihin darasin bai fi minti 12 ba, na raba shi biyu. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa masu binciken nan sun ga ana son fuskar malam ta riƙa leƙowa jifa-jifa, ta fi a bar shafuka su kaɗai. Na yarda. Ka fito ka gai da yara, ka leƙo a tsakiya in za ka yi tambaya, amma sauran lokacin ka ba allo wuri.

Akwai wata riba kuma da ban zata ba. Bidiyo ba ya ajiye ko wane hoto cikakke, yawanci abin da ya canja daga hoton baya shi ya ke rubutawa. Malam mai kai da kawowa, da labule na kaɗawa, da yara na motsi, duk canji ne, duk nauyi ne. Shafin da ke tsaye cik kuwa kusan ba ya cin kome. Darasin kogin nan da na sake yi da shafuka, na bi da shi ta wata manhajar matse bidiyo ta kyauta mai suna HandBrake, ko wane rabi bai kai megabayit 20 ba. Ku tuna na fari ya kusa gigabayit 5. Tun da hukumar sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uban da ke sayen data ta naira ɗari biyu. Ba ma sai da data ba, ana tura shi waya zuwa waya da Xender, ko a katin memori, yadda masu tura waƙoƙi da fina-finai ke yi a bakin kasuwa.

Murya kuwa ita ce rabin aikin, ko fiye. Yaro zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure muryar da ba ya ji ba. Ba sai ka sayi kome ba. Abin sauraren nan na kunne mai waya yana da ɗan makirfo a jikinsa, ka maƙala shi kusa da wuyan riga. In a aji ne, ka sa waya ta biyu a aljihun gaba ta ɗauki murya kaɗai, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi kafin ka fara, a wurin tafin nan za ka daidaita su a layi. Ni a ɗaki na ke yi, bayan sha ɗaya na dare in janaretocin unguwa sun yi shiru, in rufe taga, in rataya bargo a ƙofa. Na gwada da asuba sau ɗaya, zakaran maƙwabta ya shiga darasin har sau bakwai.

Yanzu bari in juyo wajen masu suka, gama suna da hujja. Wani dattijo cikin malamanmu, wanda na ke ganin girmansa ƙwarai, da na nuna masa aikin sai ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, ya yi kyau. Amma allona bai taɓa neman caji ba, kuma in yaro ya ɗaure fuska ina ganinsa." Ban iya ba shi amsa ba a lokacin, har yanzu ma rabin amsa gare ni. Gaskiya ne bidiyo ba ya ganin yaron da ya ɓata, ba ya sake misali, ba ya kiran suna. Wanda ya ce zai kunna wa aji bidiyo ya tafi shan shayi, wannan ya sauka daga malanta. Ni ban ce a musanya aji da waya ba. Na ce a yi tanadi domin wanda ba ya cikin aji, da wanda ya ji sau ɗaya bai gane ba yana jin kunyar tambaya. Kuma zan faɗa wa Malam abu ɗaya cikin ladabi. Tun da na fara yanka darasina ina auna ko wane shafi, koyarwata a gaban allon alli ma ta gyaru, domin na ji da kunnena yawan surutun da na ke yi wanda ba darasi ba.

Suka ta biyu ta fi zafi. Gidaje da yawa ba su da wayar da ke nuna bidiyo, inda a ke da ita kuma ta uba ce ko ta wa, yarinya ce ta ƙarshe da za ta taɓa ta. Wannan haka ya ke, kuma in ba a lura ba sai mu ƙara wa mai shi, mu bar maras shi. Abin da na yi, na haɗa yara uku uku bisa ga unguwa, ko wace ƙungiya da gidan da ke da waya, na rubuta wa iyaye 'yar takarda. Waɗansu suka yarda, waɗansu ba su ko amsa ba. Bai isa ba, na sani.

Wani gargaɗi kuma, kada garin ɗaukar aji ka ɗauki fuskokin 'ya'yan mutane ka watsa a WhatsApp ko Facebook. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye a kan abin da ya shafi yaro, mu kuwa a garin nan ba sai doka ta gaya mana dalilin yin kaffa-kaffa ba. Ka nemi izinin hedimasta, ka juya wayar wajen allo. Wannan ma wani dalili ne na fifita shafuka.

Ga roƙona ga hukumar kwaleji. Muna da darasin ƙaramin gwajin koyarwa, inda ɗalibi ke koyar da 'yan'uwansa na 'yan mintoci a gyara masa. A Jami'ar Stanford aka ƙago shi cikin 1963, kuma tun farkon zamaninsa suka riƙa ɗaukar ɗalibi a bidiyo domin ya ga kansa. To, me zai hana a ce ko wane ɗalibi, kafin ya tafi gwajin koyarwa, ya kawo darasi ɗaya na minti 6 mai shafuka, a ba shi maki a kan ko ana karanta rubutun a ƙaramar waya, ko ana jin muryar, ko shafin ya zo a kan lokaci? A saka Shotcut cikin kwamfutocin ɗakin kwamfuta, ba ko kwabo. A ware wuri guda a riƙa tara waɗanda malamai suka duba suka ce ba kuskure a ciki, bisa ga aji da fanni. In ko wane ɗalibi ya bar guda ɗaya kafin ya fita, ku lissafa da kanku abin da za a tara cikin shekara uku.

Yarinyar nan kuwa ta kalli darasin kogi a wayar wanta, sau uku in ji ta, gama ya ce batir ɗinsa zai ƙare. Ta sake zana taswirar, kogin ya nufi arewa, har ta ƙara wani rafi da ke bayan gidansu wanda ni ban san da shi ba. Ta tambaye ni na duwatsu fa, yaushe? Ban yi shi ba har muka gama gwajin, yana nan cikin kwamfutar kawuna, shafi uku na zana. Wanda ya ke so ya ga yadda a ke ɗora shafi bisa layi, ya same ni ran Asabar bayan karin kumallo a ɗakin karatu, da shi za mu koya. Ya zo da filashinsa, da shirin darasi guda wanda ya riga ya rubuta, in kuwa yana da abin sauraren kunne ya riƙo, nawa ɗaya ne.